Idan Kare Ya Ciji Mutum: Yadda Ake Neman Magani, Kafa Hujja da Karɓar Diyya

A unguwanninmu, idan kare ya ciji yaro, abubuwa uku ne suke faruwa kafin a yi sallar la'asar. Samari su bi karen da sanduna su kashe, su jefa shi a kwata. Wata tsohuwa ta ce a tsigo gashinsa a ƙona a shafa a bakin ciwon. Da yamma kuma mai karen ya yi sallama da naira dubu biyu a hannu, ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, uban yaro ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Bayan kwana uku, da aka ji kuɗin allura a asibiti, sai a fara neman inda za a kai ƙara. A lokacin kuwa babu kare, babu takarda, babu shaida, ga kuma "ba komai" da aka furta a gaban jama'a.

Kwanaki goman farko su ne suke yanke wa maganar hukunci, ta fuskar lafiya da ta fuskar shari'a. Ga yadda ake bi da su, da abin da ke biyo bayansu.

Ruwa da sabulu kafin komai

Kar a tsaya cacar baki da mai kare. A kai wanda aka ciza bakin famfo ko a ɗauko buta, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, don minti 15 ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Sabulun wanki ma ya isa. In akwai aidin a gida, a shafa bayan an wanke. Ban da barkono, ban da toka, ban da man birki, ban da gashin kare, ban da ɗaure ciwon tamau.

Abin da ake gudu shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawun kare, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tana iya ɗaukar wata biyu ko uku ba a ga komai ba, ciwon ma ya warke sumul. Amma ranar da mutum ya fara firgita da ganin ruwa, kusan babu mai tashi.

Asibiti a ranar, kuma kowace takarda dukiya ce

A je asibiti, ba kemis ba. In da hali a je na gwamnati, saboda rahoton likitan gwamnati shi ne wanda 'yan sanda da kotu suka saba da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, don haka babu hujjar a ce sai ka kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa ka.

Likita zai duba zurfin cizon, ya yi allurar tetanus in da buƙata, ya fara allurar rigakafin haukan kare. Wannan allura ba ɗaya ba ce. Ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sannan a ƙarasa bisa tsarin da asibitin ke bi, wanda kan kai rana ta 14 ko ta 28. Idan haƙori ya huda fata sosai, musamman a fuska, wuya ko yatsu, akwai wata allura ta dabam mai tsada da ake yi a cikin ciwon da kewayensa. Sau da yawa likita ba ya ɗinke cizon kare nan take, kada a ɗauka sakaci ne.

Nan ne aikin shari'a yake farawa, tun kana kan bencin asibiti. Ka tabbata an rubuta a kati cewa cizon kare ne, da rana, da wuri a jiki. Ka karɓi rasit na komai: kati, allura, magani, bandeji. In an tura ka sayo allurar a waje, ka sa mai shagon ya rubuta sunan maganin da kwanan wata ya buga hatimi, kwalin ma ka ajiye. Kuɗin Keke Napep ba shi da rasit, sai ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa kullum. Ka ɗauki hoton ciwon da waya kafin a rufe shi, ka sake ɗauka bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Rigar da ta yage kar a wanke, a sa ta a leda. Daga baya ka nemi rahoton likita a rubuce, mai ɗauke da sunansa da sa hannu da hatimin asibiti.

Kar a kashe karen

Wannan shi ne inda zuciya ke cin mutane. Karen da ya yi cizo shi ne babban shaidarka, kuma shi ne zai gaya wa likita gaskiyar halin da ake ciki. Abin da ake yi shi ne a tsare shi kwana 10, a ɗaure ko a cikin keji, ana ba shi abinci, malamin dabbobi yana leƙa shi. Karen da haukansa ya kai ga yawu ba ya wuce waɗannan kwanaki lafiya. Amma fa ba a jiran sakamakon tsarewar kafin a fara allura. Ana farawa, likita ne kaɗai zai ce a dakata.

Ka je asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa ka ba da rahoto a ranar ko washegari. Su suke da hurumin zuwa su ga karen, su nemi katin rigakafinsa. Kare mai gata ana yi masa allura duk shekara, kuma akwai kati. Mai kare ya ce "ai an yi masa" ba hujja ba ce, sai an ga katin an duba kwanan wata. Ka ɗauki hoton katin. Rashin katin kuwa, ko katin da ya shekara uku ba a sabunta ba, abu ne da zai yi maka amfani gobe a gaban alƙali.

In an riga an kashe karen, ko ya mutu cikin kwanakin nan, kar a binne shi, kar kuma a sayar wa masu cin nama. A sanar da likitan dabbobi ya cire kan ya aika gwaji. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take nan tun 1924, ita ce aka fi sani da wannan aiki. Kada wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa kan da hannunsa.

Sai tabbatar da mai shi. Abin mamaki ne yadda kare ke zama maraya da zarar ya yi cizo. Jiya kowa ya san na gidan wane ne, yau an ce ai na bola ne, zuwa kawai yake yi. Saboda haka tun da zafi-zafi ka ɗauki hoton karen a inda yake kwana, da ƙofar gidan, da ɓarakar katangar da ya fito ta ciki. Doka ba ta tsaya kan wanda ya saya kaɗai ba. Wanda yake ciyar da shi, yake ajiye shi a gidansa, yake da iko a kansa, shi ma ana kama shi da laifin.

Tambayar da shari'ar ta rataya a kanta: me mai karen ya sani?

Mutane da yawa suna zaton tunda karenka ne ya cije ni, magana ta ƙare. Ba haka take ba. Dokar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ta raba dabbobi gida biyu. Akwai na dawa kamar zaki da kura, wanda duk ya ajiye su, abin da suka yi a wuyansa yake ba tare da wani dogon bayani ba. Akwai na gida, kare yana cikinsu. Shi na gida, sai ka nuna cewa mai shi ya san yana da halin kai wa mutane farmaki. Da zarar ka tabbatar da wannan sani, to ba ya kuɓuta da cewa ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tsare shi.

Ba dole sai karen ya taɓa fitar wa wani jini ba. Ya isa a nuna ya taɓa yin kukan kura kan mutane zai cije su, kuma labari ya kai ga mai shi. Bahaushe ya riga ya faɗa, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Akwai wata shari'a da aka yi a Legas a 1965 da ɗaliban lauya ke karantawa har yau: karen ya taɓa cizon 'yar aikin gidan, aka gaya wa matar gida, maigidan ya ce shi bai sani ba. Kotu ta ce sanin matarsa saninsa ne, ta ɗora masa biya.

To aikinka shi ne tono tarihin karen. Ka tambayi mai shayin bakin layi, da 'yan garuwa, da almajiran da ke shiga gidajen unguwar, da yara masu talla, da mai kawo takardar kuɗin wuta. Su ne suka san karen da ake canja hanya saboda shi. Ka tambayi mai unguwa ko an taɓa kawo masa kuka. Wanda ya ce "ni ma ya taɓa bi na, har na gaya wa maigadinsu", wannan ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka rubuta sunansa da lambarsa da ranar da abin ya faru gwargwadon tunawarsa.

In babu tarihi fa? Akwai ƙofa ta biyu, wato sakaci. Mutum ya ajiye ƙaton karen gadi ya bar ƙofa a buɗe lokacin tashin 'yan makaranta, ko mafarauci ya ratsa kasuwa da karnuka biyar ba igiya, ko aka ba yaro ɗan shekara takwas ya fita da karen da ya fi ƙarfinsa. A nan abin da za ka nuna shi ne mai hankali ba zai yi haka ba, kuma wannan gangancin ne ya jawo maka rauni. Lauyan da ya san aikinsa yakan shigar da ƙofofin biyu tare. Idan kuwa da gangan aka cuna maka karen, wannan ya tashi daga sakaci, daidai yake da wanda ya ɗauki sanda ya buga maka.

Abin sha'awa, fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi ya zo kusa da nan ta tasa hanyar. Asalin ƙa'ida shi ne hadisin da ya ce raunin da dabba ta yi da kanta babu ramuwa a kansa. Amma malamai sun fitar da kare mai cizo wanda aka riga aka gargaɗi mai shi, kuma Muhtasar na Halil ya ambace shi a babin jini, wato hukuncin kisa da rauni: wanda aka yi wa gargaɗi bai ɗauki mataki ba, lamuni yana kansa. Sun kuma duba ko an ajiye karen ne don abin da shari'a ta yarda, kamar farauta, kiwo da gadin gona. Darasin da ke nan ga duk mai maƙwabcin da karensa ke tsorata yara: kar a tsaya gunaguni, a kai wa mai unguwa, a yi gargaɗin a gaban shaidu tun kafin a yi ɓarna.

Zauna ka yi lissafi

Kafin ka buɗe baki ka faɗi adadi, ka san abin da doka ke biya. Kashi na farko shi ne abin da ya fita daga aljihunka kuma yake ƙirguwa: magani, allurai, sufuri, tufafin da suka lalace, da kuɗin da ka rasa na kwanakin da ba ka fita nema ba. Wannan kashi kotu ba ta yin hasashe a kansa. Sai an jera shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma tabbatar da kowanne. Ma'aikaci yana da takardar albashi. Ɗan acaɓa ko mai faci sai ya kawo wanda ya san abin da yake samu a rana, kamar shugaban tasharsu ko mai babur ɗin da yake kai wa balas.

Kashi na biyu shi ne wanda ba ya da rasit: azaba, tabo, nakasa, da firgicin da kan sa yaro ya daina fita ko ya koma fitsarin kwance. Wannan alƙali ne ke kimantawa, kuma rahoton likita da hotuna ne suke motsa shi. Tabo a ƙafar magidanci da tabo a kuncin yarinya 'yar shekara shida ba kuɗinsu ɗaya ba. In likita ya ce za a buƙaci tiyatar gyara nan gaba, a sa ya rubuta da ƙiyasin kuɗinta.

A kotun shari'ar Musulunci lissafin dabam ne. Wasu gaɓoɓi suna da diyya yankakkiya: yatsa ɗaya raƙuma 10, raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, a mayar da su kuɗi. Raunin da ba shi da adadi alƙali ne ke kimanta shi, abin da ake kira hukuma. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke, kuma ƙaramin raunin da ya warke bai bar aibu ba babu diyya a kansa. Ka san da wannan kafin ka zaɓi inda za ka.

Sulhu, amma a rubuce

A ganina, tara cikin goma na irin wannan magana gara ta ƙare a zaure. Mai karen maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a sahu ɗaya, kuma shari'a a babbar kotu tana iya cin shekaru a kan kuɗin da bai kai na lauya ba. Sai dai sulhu yana da ƙa'ida.

Kar ka tafi kai kaɗai, kar kuma ka tafi da zugar samari. Ka ɗauki dattijo ɗaya ku je wurin mai unguwa, ka ce: "Ranka ya daɗe, karen gidan Alhaji ne ya ciji yarona ranar Talata. Ga katin asibiti, ga abin da aka kashe zuwa yau, saura allura biyu. Ina so a kira shi a zauna." In an zauna, ka bar takardu su yi magana. Idan mai unguwa ya gaza, akwai dagaci da hakimi. A Kano akwai Hisbah, akwai kuma cibiyar sulhu ta babbar kotu, irin wadda Legas ta fara buɗewa a 2002, Abuja da wasu jihohi suka bi sahu. Yarjejeniyar da aka yi a irin wannan cibiya, alƙali na iya sa mata hannu ta zama hukuncin kotu.

Babban kuskure shi ne rufe magana kafin a gama magani. Kuɗin da aka kawo ranar farko ka karɓa in kana so, amma ka faɗa a gaban mutane cewa na fara magani ne, ba na yafiya ba. Ciwon cizo yakan ruɓe bayan mako, jijiyar yatsa takan ƙi komawa daidai. Wanda ya sa hannu cewa ya karɓi kaza ya yafe sauran, da wuya kotu ta sake buɗe masa ƙofa.

Takardar sulhun ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu, ranar cizon da wurin, amincewar mai kare cewa nasa ne, jimillar kuɗi da ranakun biya in kashi-kashi ne, wanda zai ɗauki nauyi in ciwon ya dawo, da abin da za a yi da karen: rigakafi, keji, ko a fitar da shi daga unguwa. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya riƙe kwafi. A biya ta banki in zai yiwu. Amfanin wannan takarda shi ne ta mayar da rigimar cizo ta zama bashi tsararre. In ya saɓa, ba sai ka sake tabbatar da halin kare ba, bashinka kawai za ka bi, kuma jihohi irin su Kano da Legas suna da kotun ƙananan basussuka da ake shiga ko ba lauya.

'Yan sanda

Kai rahoto caji ofis yana da amfani idan mai karen ya yi taurin kai, ko ya ɓoye karen, ko raunin ya yi muni. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta ɗauki sakaci da dabbar da ke iya cutar da mutane a matsayin laifi, kuma kotun da ta kama mutum da laifi tana da ikon sa shi ya biya wanda aka cuta diyya. Ka ba da bayaninka, ka karanta kafin ka sa hannu, ka riƙe sunan jami'in da ke binciken. Ka ba su kwafin takardunka, na asalin su zauna a gida. Amma ka sani ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum kan rigimar kuɗi zalla. Wanda ya sa aka kulle maƙwabcinsa don a matsa masa ya biya, yana iya wayar gari shi ake ƙara.

Neman lauya, da inda ake samun na kyauta

In rauni ya kai ga kwanciya a asibiti, nakasa, tabo a fuska ko rasa rai, ka ga lauya kafin ka sa hannu a komai. Ka je masa da fayil ɗinka a shirye. Ka tambaye shi kai tsaye: nawa ne kuɗinka, nawa ne na kotu, wata nawa kake hasashe, kuma shi wanda za mu yi ƙara yana da abin biya? Ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda a yi yarjejeniya cewa sai an ci shari'a zai ɗauki wani kaso, to in haka kuka yi a rubuta kason. Lauyan gaske yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunansa da yake mannawa a takardu. Masu rataye da jaka a harabar kotu suna cewa sun san alƙali, ka yi nesa da su.

Marar hali yana da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a manyan biranen jihohi. Dokarta ta 2011 ta ba ta damar tsaya wa wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar abin da ya shafi mata da yara. Tsangayoyin koyon lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suna da ɗakunan ba da shawara kyauta.

Matakin farko na lauya yawanci wasiƙa ce zuwa ga mai kare, mai bayyana abin da ya faru, adadin da ake nema da wa'adin biya. Mutane da yawa da suka raina mai unguwa, wannan wasiƙar ce take sauko da su.

Wace kotu, kuma kar lokaci ya ƙure

Kotun majistare, wadda a jihohin Arewa da dama take zama a matsayin kotun gunduma idan maganar kuɗi ce, tana da iyakar adadin da za ta iya yankewa, kuma iyakar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Rajistara zai gaya maka. Abin da ya haura sai babbar kotun jiha. Kotun shari'ar Musulunci ta fi sauri da arha idan ku biyun Musulmi ne, amma ka shirya shaidu: hujja tana kan mai da'awa, kuma ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, don haka ka nemi waɗanda ba 'yan gida ba. Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, uba ko waliyyi ne ke tsaya masa. Hotuna da bidiyon waya suna shiga a majistare da babbar kotu, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita. Saboda haka kar ka sayar da wayar, kar ka goge na asalin.

Ƙarar rauni tana da wa'adi. A Legas da Abuja shekara 3 ne, sauran jihohi kowace da dokarta. Wanda ya fi haɗari shi ne idan karen na hukuma ne, kamar na jami'an tsaro: dokar da ke ba ma'aikatan gwamnati kariya wata 3 kacal ta bayar. Maigadi, direba ko wani ma'aikacin da kare ya ciza a bakin aiki yana da wata hanyar ta Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa: ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. In abin ya zo da ƙarar kwana, magada suna da haƙƙin nema, kuma a nan sakamakon gwajin kan kare da takardar shaidar mutuwa su ne ginshiƙi. Karen da ba shi da mai shi da gaske kuwa babu wanda za a kama, sai dai a kai kuka ƙaramar hukuma, tunda tsarin mulki ita ya ɗora wa kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da yawonsu.

Abin da zai ce, da abin da ke bayan hukunci

Ka shirya jin ɗaya daga cikin huɗu: ba karena ba ne, ban san yana cizo ba, yaron ne ya tsokane shi, ko shigowa ya yi ba izini. Biyun farko ka riga ka tanadi amsarsu. Na uku kar ka yi ƙarya a kansa. In yaron ya yi jifa, ka gaya wa lauyanka tun farko, domin sau da yawa wannan rage diyya yake yi, ba ya soke ta, kuma ba a auna ɗan shekara biyar da ma'aunin babba. Na huɗu ya danganta da yadda aka shiga. Wanda ya haura katanga da dare ba shi da bakin magana. Amma baƙon da aka ce ya shigo, da mai gyaran famfo, da almajirin da ya saba shiga karɓar abinci da sanin masu gida, ba masu kutse ba ne. Allon "akwai kare" da aka rubuta da Turanci a ƙofa ba ya wanke mai gida daga yaron da bai iya karatu ba, balle in a kan titi aka yi cizon.

In an yanke hukunci ka ci, takarda ce ka samu, ba kuɗi ba tukuna. Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi daga rajistara. In wa'adi ya cika bai biya ba, ka koma kotun ka nemi a zartar: ko ma'aikatan kotu su kama kayansa a yi gwanjo, ko a umarci bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa ya ba ka. Hanya ta biyu ta fi sauƙi idan ka san bankin, kuma galibi za ka same shi a jikin alat ɗin kuɗin maganin da ya turo maka a makon farko.